Ragon Japan

Ni jikan mahauta ne, kuma duk wanda ya zauna da ni a unguwar Mu'aither, nan ƙasar Larabawa, ya sha jin haka. Lokacin gasar Kofin Duniya na yi mako guda ina tuƙa wani dattijo ɗan Japan. Wata rana ya nuna mini hoton gidan abincin da ya gada daga kakansa, da wani kwanon nama mai kitse hawa-hawa, sai ƙyalli yake.

Ban tambaye shi naman mene ne ba. Ina jikan mahauta ina tambaya? Na karɓi hoton na tura guruf ɗinmu na 'yan Arewa, har da sharhi: haƙarƙarin rago ne, ɗan shekara biyu, turkakke da dusa. Na rufe da "Allah Ya ciyar da mu." Aka yi ta amin, har da Malam Sani, limaminmu.

Sai Rifkatu, wata nas 'yar Kafanchan, ta rubuto: "Yaya, yi haƙuri, alade ne."

Na ce ta tsaya kan allurarta, ta bar wa masu nama namansu. Washegari na tambayi dattijon. Ya yi murmushi, ya buɗo hoton allon shagon. Ga zanen alade nan, har da hular kuku.

Malam Sani ya janye aminsa a rubuce.

Har yau, duk Layya sai 'yan guruf ɗin sun ja ni kasuwar dabbobi. "Duba mana, Sarkin Fawa. In ka ce rago ne, khalas, shi ke nan, mun fasa saye."