Rasuwar Jar Kular Alhaji Sanda Mai Goro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da har yau ya ƙi haɗiyuwa, Alhaji Sanda mai goro na Zangon Agege yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar jar kularsa ta abinci, wadda ta cika ranar Talatar nan bayan doguwar jinyar da ta ɓoye wa kowa.

Marigayiya 'yar roba ce gaba da baya. Daga Ikorodu Alhaji ya ɗauko ta tun soja na kan mulki, ta kuma ga dawowar farar hula. Ta sha matsi a motar haya ta danfo ba ta taɓa zubar da miya ba. Tuwon da Hajiya Baiwa, uwargidansa, ta kwashe mata da hantsi, miyar manja na tafarfasa a kai, sai ta riƙe zafinsa har la'asar. In murfinta ya ce "ƙwas", duk layin 'yan goro ya san Alhaji zai wanke hannu. Saboda ita ya sallami akushin da ya zo da shi daga Sakkwato, ya miƙa wa maƙwabciyarsu Sista Chundung, nas a wani asibiti a Ogba, ta riƙa zuba wa kaji dusa.

Ciwon ya fara da warin roba a tuwo. Alhaji ya zargi mai niƙa, ya zargi mai manja, har ya yi wa Hajiya gori a kan girkinta. Kowa ya sha zargi ban da mai laifin. Ranar Talata Hajiya ta wanke ta, ta ɗaga ta sama, sai ga hasken rana yana ratso gindinta. Alhaji, wanda ke ɗaga kwandon goro ya gane ko ya sha iska, ya auna ta a tafin hannu. Ta rame. To ina naman ya tafi? Ba ta yoyo, ɓera bai taɓa ta ba. Cokalin Alhaji kaɗai ke kankare gindin nan, bakinsa kaɗai yake kai wa.

Sista Chundung ta tabbatar da rasuwar. Ta ce zafi da mai su ke jawo sinadarin roba cikin abinci, kuma ta sha faɗa wa Alhaji yana cewa surutun 'yan asibiti ne. Mutumin da 'yan damfarar Legas suka gwada suka haƙura, ashe a kan cinyarsa ake cin amanarsa, shi kuwa yana sa albarka.

Marigayiya ta bar murfi ɗaya, da jarkar kunu, da ledojin koko da na alala masu ɗimbin yawa. An umarce su duka su bar gidan kafin Juma'a, ba gado, ba sallama.

Jana'iza ta zo da matsala. Ba za a ƙona ta ba, kada maƙwabta su shaƙi abin da ya rage. Ƙasa kuwa ba ta cin irinsu. 'Yan gwangwan sun taya, Alhaji ya hana, don kada a narka ta ta dawo kwanon ɗan wani. Saboda haka za a rataye ta a rumfa, ta ƙare da ajiyar ƙusoshi.

Za a karɓi gaisuwa a rumfar ranar Juma'a bayan la'asar. Mai kawo abincin makoki ya zubo a ƙwarya, ko tasa, ko ya naɗo a ganye; wanda ya zo da leda ya juya tun daga bakin layi. Za a tarar da Alhaji yana cin tuwo a ganyen naɗin goro. Ya aika bikon akushinsa, amma Sista ta ce kazarta ta kwanta a kan ƙwai a ciki, sai ya jira ta ƙyanƙyashe.