Takardu Uku Ga Malam Habu

Da aka ba ni aikin shigar da ma'aikatan lafiya cikin rajistar rigakafin yara, na buɗe jerin sunayensu a kwamfutar ofishinmu na Gumel, na tsara aikina: da farko gayyata, sai tuni, sannan gargaɗi. Abokiyar aikina Hajiya Rabi ta ce, "Malam, jerin nan tsoho ne, ka bincika tukuna." Na ce mata kwamfuta ba ta mantuwa.

Kowa ya amsa ban da Malam Habu, na wani ƙauyen Sule Tankarkar. Na aika masa takardun uku bi da bi, ta ƙarshe da jan biro. Shiru. Na hau babur in je in yi masa faɗa da kaina.

Ƙaninsa ya shimfiɗa mini tabarma, ya ajiye takardun a gabana. "Ranka ya daɗe, Yaya ya rasu tun bara waccan. Matarsa ta yi kuka da aka karanta mata ta ukun."

Na fara ta'aziyya.

Har yau in wani bai zo taro ba, sai Hajiya Rabi ta ce, "Malam, a rubuta masa, ko a fara leƙa maƙabarta?"