Ranar da Na Tsige Kaina daga Kwamiti

Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari. Sau uku ina farawa ina gogewa. Amma tunda har yanzu ana tsokanata da ita a wurin suna da biki, gara ku ji daga bakina.

Ba zan taɓa manta Lahadin nan ba. Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna ƙasar waje a nan birnin Greensboro tana da kwamitoci, kuma tun kafa ta ciyaman ne ke naɗa wanda ya ga dama. Ni ma shi ya sa ni a kwamitin tarbar baƙi. Shekara shida ina ɗauko sababbin zuwa daga filin jirgi, ina koya musu hawa bas ɗin unguwar Glenwood, kuma ina son aikin nan ƙwarai. Amma abin yana cin raina: wannan naɗin adalci ne? (Ni mutum ne da ke komawa gida sau biyu ya duba ko ya kashe murhu.)

Sai na miƙe a mitin na ce a koma ƙuri'ar asiri: kowa ya rubuta suna ɗaya, mutum uku masu rinjaye su shiga kowane kwamiti. Ciyaman, Alhaji Mamman, ya ce, "Baban Ladi, wa ya ɓata maka rai?" Na ce ba kowa, gyara ne kawai. Wata uku na hana mutane sakat har suka yarda. Ni na yanka takardun da almakashin matata, ni na kawo kwalin takalmin da za a zuba ƙuri'a.

Ranar Lahadin zaɓen, da aka zo kwamitina, na riƙe biro ina gumi. Mutum ya rubuta sunan kansa? Ina kunya, ina kara? In aka gane rubutuna fa? Sai na rubuta Malam Bitrus, wanda ko tuƙi bai iya ba.

Anti Saratu, sakatariyarmu, ta fara karantawa. Duk waɗanda Alhaji ya naɗa, su aka sake zaɓa. Kowa ya koma kujerarsa, ban da mutum ɗaya.

"Baban Ladi..." Ta gyara tabarau, ta girgiza kwalin, ta leƙa ciki. "Babu ko ɗaya."

Bitrus ya shiga da ƙuri'a biyu, tasa da tawa.

A mota na ce wa matata, "Har da ke?" Ta ce, "To na sani? Mai son kujerarsa zai yi wata uku yana faɗa a sake tsari? Kowa ya zaci gajiya ka yi kana jin nauyin faɗa. Taimakonka muka yi."

Taimako fa!

Na dai koyi cewa in za ka gyara hanyar zaɓe, ka fara sanar da mutane kana so a zaɓe ka, musamman na gidanka. Don Allah masu ƙungiyoyi a wasu garuruwa, ku gaya mini: wanda ya kawo doka yana iya janye kayarsa, ko dole sai shekara ta zagayo?