Turaren da ya tashi Attantane

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Gwaggo Tabawa ta zo ganin ɗakina ba, kuma ko na so in manta mutanen Attantane ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga garin akwai tsofaffin da ke tarbata da “Mushe mai turare, an iso?” Sai in yi yaƙe in ce an iso.

Lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko (Mushe ake kiran malami a wurinmu), zamanin soja, shekarar fari. Gero bai kai gwiwa ba ya bushe, jar dawar taimako kowa ke ci. A cikin wannan halin ne zuciyata ta kwashe ni ta kai ni Tasawa, wurin wata yarinya Rabi. Iyayenta sun yarda, amma da sharaɗi: ƙanwar babanta, Gwaggo Tabawa, za ta zo ta ga inda za a ajiye musu ’ya. In ɗakin ya yi mata, a ɗaura aure kafin azumi. In bai yi ba, a jira kaka mai kyau. Kaka mai kyau, a wannan shekarar! Wato dai in zauna har Rabi ta gaji (akwai wani mai shago da ke ta shawagi a ƙofar gidansu, ina sane da shi).

Matsalar ɗakina wari ne. Yayana ya sayi fatun dabbobin da fari ya kashe, ya jibge mini su a lungu wata da watanni. Na fitar da su, na share, amma warin ya riga ya shige bango. Ni hancina ya saba. Sai da direktan makarantarmu ya leƙo ya ja da baya yana tari, sannan na san akwai aiki.

Matarsa, Madam Zali, ta tausaya mini. Ta ara mini kaskonta da ’yar kwalbar turaren wuta, irin tsaki-tsakin nan na itacen ƙamshi da ake dafawa da sukari da turare. Daga Maraɗi aka kawo mata, ba ta fito da shi sai da babban dalili.

“Mushe, ka ji ni da kyau,” in ji ta. “Garwashin gawayi guda, ka bari ya kwanta toka ta rufe shi. Ka ɗiba da yatsu uku ka barbaɗa. Ba ƙona shi ake ba, narkewa yake a hankali yana sakin ƙamshi. Kuma ka bar taga a buɗe.”

Na ce to. Amma a raina na ce wannan lissafin ɗakin mata ne, wanda dama ƙamshi yake yi. Nawa sai an yi masa da ƙarfi.

Ranar ta zo, gawayi babu. Itace ya yi wuya, da busasshen kashin shanu ake girki a garin. Na ce wuta ai wuta ce. Na cika kaskon da shi, na fifita har ya kama sosai, na juye kwalbar a kai. Duka fa! Sannan na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada ƙamshin ya tsere (dubi hankalin mutumin da aka ba ’ya’yan jama’a ya koyar). Na zuba babbar riga na tafi bakin hanya tarar baƙi.

Gwaggo ta sauko daga motar kasuwa ita da ƙawarta. Muna tafe ina ta zuba: “Ɗakin na da iska, Gwaggo, ga tsabta.” Ita dai sai “uhm”. Sai ga wata mata ta wuce mu a guje da tulu a kai. Sai ga wata. Can na ji ana kururuwa, “Gobara! Gobara gidan Mushe!”

A shekarar nan ba a wasa da wuta. ’Yar ciyawa da karan da suka rage wa awaki duk suna kan rumfuna, ga shi mai gari ya sanar cewa duk wanda wutarsa ta ci na wani, wurin sojoji zai yi bayani. Kafin mu isa, maƙwabcina Malam Idi ya ɓalle ƙofar, hayaƙi ya turnuƙe unguwa, mata sun sheƙa duk ruwan da ke tulunansu. Katifata, littattafaina, sabuwar tabarmar da na aro, komai ya zama caɓi.

Malam Idi ya fito idonsa na zubar da ruwa, ya ɗaga kaskon sama yadda kowa zai gani.

“Jama’a, ba gobara ba ce. Mushe ne ke turare.”

Wayyo ni! Warin da ya biyo shi ban taɓa jin irinsa ba: tsohuwar fata, kashin shanu, ƙonannen sukari, duk sun haɗu a jiƙe. Aka fashe da dariya, har da ɗalibaina a kan katanga. Madam Zali ta tsinci kwalbarta a ƙasa, ta leƙa ciki, ta dube ni. Amma abin da ya fi kashe ni wata tsohuwa ce da ba ta yi dariya ba. Tun asuba take bin layin rijiya. Ta kifa tulunta ta nuna mini, ta ce, “Mushe, ruwan girkina ke nan.” Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa fuskata.

Gwaggo ta toshe hanci da gefen mayafi, ta shiga ɗakin, ta fito.

“Ɗana, kai kaɗai ka yi wannan aikin? Ba wanda ya taya ka?”

“Ni kaɗai, Gwaggo.”

“Sannu,” ta ce. Suka juya ko ruwa ba su sha ba (ina ma ruwan yake?).

Na sallama Rabi a raina. Na tuɓe babbar riga na kama guga, na yi ta jan ruwa ina biyan matan unguwa tulu-tulu har tafin hannuna ya sale. Ina bakin rijiyar nan wata rana saƙo ya iso daga Tasawa. Ashe da Gwaggo ta koma, cewa ta yi da yayanta, “Ɗakin dai bai yi ba ko kaɗan. Amma a ɗaura auren nan da wuri. In aka bar yaron nan shi kaɗai har kaka, zai ƙone garin mutane.”

Haka na samu mata, ba don an ga cancantata ba, sai don a ceci Attantane. Ni kuwa na koyi cewa in mace ta ce yatsu uku, to yatsu uku take nufi. Har yau in Rabi za ta sa turare, a gaban jikokinmu take cewa, “Mushe, matsa can.” Kuma ina matsawa.