Ranar da Na Kifar da Shugaba

Kwana biyu kacal na yi a horon Maradi, amma na dawo Mayahi ina jin babu wanda ya kai ni sanin intanet. An koya mana cewa ƴan alamomi ke ƙawata rubutu a shafin ƙungiya: ka sa taurari biyu gaba da baya, kalma ta yi kauri. Sauran darasin ina wajen mai tsire.

Da ƙungiyarmu ta manoman hatsi ta yi zaɓe, ni aka ba aikin sa sunayen waɗanda suka ci a shafinmu. Alhaji Idi ya sake cin shugabanci, sai na ga taurari sun yi wa sunansa kaɗan. Na zaɓo mashi wata alama mai lanƙwasa, don ta fi kyan gani.

Sakatariyarmu, Hajiya Rabi, ta ce, "Malam, ba ka fara duba yadda zai fito ba?"

Na ce, "Hajiya, wanda ya je Maradi ba ya dubawa."

Ashe aikin alamar soke rubutu ne. Sunan Alhaji ya fito da layi ya ratsa tsakiyarsa. Kafin la'asar hoton shafin ya zaga wayoyi har garin Sarkin Hausa. Ana ta zuwa yi mashi jaje, mataimakinsa kuma har ya fara amsa barka.

Alhaji ya same ni a biro, wato ofishinmu, ya ce, "Ɗana, jama'a duka sun zaɓe ni, kai kaɗai ka kifar da ni?"

Nan take na gyara. Amma har yau in na shiga kasuwa, ƴan kabu-kabu ƙamewa suke su sara mani: "Janar, yau wa za a tsige?"