Ranar da Na Kusa Barin Malam Iro a Kudai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da aka rataya min lasifika a wuya a ƙofar masaukinmu na unguwar Kudai a Makka, aka ce ni ne shugaban motar da za ta kai mu Mina.

Ni dai kayan gyaran babur nake sayarwa, amma a garinmu an fi sanina da kiran waya a gidan rediyo. (Matata takan ce ko sanarwar cigiyar akuya aka yi, sai na kira na faɗi ra'ayina.) Shi ya sa da aka tashi neman mai murya, ba a sha wahala ba. Na karɓi lasifikar nan ina ta "a'a, ba ni ya kamata ba", alhali a zuciyata ji nake kamar an naɗa ni Amirul Hajji.

Tun hantsi muka yi harama muka fito, mota ba ta iso ba har bayan azahar. Rana kuwa ta Makka, kamar an buɗe murhu a ka. Wasu suka koma ɗaki, mu kuma masu baki muka samu inuwa muka buɗe majalisa. Wani ya ɗauko zancen hukumar nan ta jiharmu mai bin haƙƙin naƙasassu da duk wanda aka nuna wa bambanci, wadda gwamnati ta zaftare wa kasafi a wannan shekarar. An sallami ma'aikata, har jami'in da sukan haɗo da alhazai ma bana babu shi.

Ai kuwa an taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Na gyara mayafin haramina na ce, "Ni rufe ta ma na so a yi! Asibitinmu babu magani, titinmu duk rami, su kuwa ban da taro a otal da rabon riguna me suka iya? Mu Musulmi ne, ba sai an kafa ofis ba kafin mu taimaki gurgu." (Na san mai harama ba ya jayayya. A ganina lokacin ba jayayya nake ba, wayar da kai nake.)

Wata dattijuwa tana zaune a gefe a kan jakarta, farin gilashi a ido, tana firfita da kwali. Malama Saude ake ce mata. Ta ɗago ta ce, "Alhaji, maganar taron otal gaskiyarka ce, ni ma ya ishe ni. Amma taimako idan na kowa ne, wani lokacin babu mai yin sa."

Na ce, "Hajiya, ki bar mana wannan, harkar gwamnati ce." Ta yi murmushi ta ci gaba da firfitarta.

Can sai ga mota. Mai gadin gidan, Abu Faisal, wani Bahaushe haifaffen Makka mai furfura a gemu, ya fito yana tafa hannu. "Yalla ya Hajji, yalla! Direba ba ya jira, ni ma rufe gida zan yi in tafi Arfa, aiki gare ni."

Na hau bene na bi hawa-hawa ina zabga kira da lasifika har ginin yana amsawa. Na sauko, na shiga mota, na ga kujeru sun cika. (Ashe wani daga motar baya ne ya shigo tamu.) Na ɗaga lasifika na ce, "Duk wanda bai hau ba ya yi magana!" Aka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Na buga jikin mota, direba ya tayar.

"A tsaya." Malama Saude ce, tana tsaye ta riƙe kujera. "Ina Malam Iro?"

Na ce wane ne kuma Malam Iro? Ta ce tsohon nan siriri mai gyaran takalma, wanda ke zama kusa da tukunyar shayi kullum da safe. Na tuna shi. Na sha gaishe shi yana ɗaga min hannu kawai, har na sa shi a layin masu girman kai.

Direba yana ta danna oda, mutane suna gunaguni, ni kuma na ga ana neman taɓa min mulki. Ban ko sauke lasifikar daga bakina ba na ce, "Hajiya, kiran da na yi a gidan nan, wanda duk bai ji ba sai dai in kurma ne!"

Ta ce, "Kurma ne, Alhaji."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da haramina zan shige.

Abin ba na dariya ba ne. Mutumin nan ba ya ji, ba ya karatu, wayarsa ba ta da amfani a gare shi sai ta kallon hoto. Abu Faisal ya riga ya sa kwaɗo a ƙofar gida. Da mun tafi, an kulle shi ke nan, kuma a cikin cunkoson Mina wa zai lura kafin a wuce Arfa? Wanda bai tsaya Arfa ba kuwa ba shi da Hajji. Tsoho ya gama tara guminsa na gyaran takalma ya zo, ni kuma in bar shi a ɗaki.

Abu Faisal ya buɗe gida, muka ruga sama mu uku, ni da shi da Malama Saude. Ɗakin a rufe, ya sa sakata ta ciki. To, ku ji abin da na yi: na kafa lasifika a jikin ƙofar na kwarara, "Malam Iro! Malam Iro!" Sai da na kira har muryata ta shaƙe kafin na tuna abin da aka faɗa min a mota. Abu Faisal ya dube ni ya ce, "Ya Hajji, Allah ya shirye ka."

Malama Saude ko kallona ba ta yi ba. Ta tambayi Abu Faisal ina makunnin wutar wannan hawa. Ya buɗe wani akwati a bango. Ta ce ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, idan barci yake bai ga fitila ba, to ya kashe gaba ɗaya. "Na'urar sanyi ta tsaya, zafin garinku zai tashe shi." Haka aka yi. Ba a jima ba muka ji motsi, sakata ta zame, sai ga Malam Iro jiƙe da gumi yana murza ido.

Ta matsa gabansa ta yi masa magana da hannu, a natse, kamar mai hira da yayanta. Na ga fuskarsa ta sauya da ya gane abin da ya kusa faruwa. Sai ya waiwayo ya gan ni da lasifika a wuya, ya ɗauka ni ne na dawo da mota dominsa. Ya rungume ni yana kuka.

Muna saukowa na ce mata a hankali, "Hajiya, a ina kika koyi wannan?"

Ta ce, "A ofishin da ka so a rufe. Ina cikin waɗanda aka sallama, wannan kujerar ma ɗana ne ya biya min. Kuma tun a filin jirgi na gane muryarka. Ni ce baƙuwar shirin rediyon nan da ka bugo waya ka ce ta je ta nemi sana'a."

Ba ta faɗa wa kowa ba, har muka dawo gida. Wannan shirun nata ya fi duka zafi a wurina, kuma har yau ban ga mutum mai kamun kai irin nata ba. Babu mai biyanta, babu wanda ya sa ta, amma tun ranar da muka sauka ta san waye ba ya ji, waye ba ya gani da kyau, waye ba ya iya hawa bene. Ni mai muƙami kujeru na duba.

A Arfa da yamma, Malam Iro ya jawo ni ya tsayar a gefensa, ya ɗaga hannu yana addu'a yana nuna ni. Na roƙe ta ta gaya masa gaskiya. Ta yi masa bayani, ya kalle ni, ya yi dariya, ya mayar mata da amsa. Ta ce, "Ya ce to ai ka fi buƙatar addu'ar."

Har gobe ina kiran rediyo, hali ne, kuma har gobe ina ganin taron otal ɓarna ne. Ofishinsu yana nan a kulle rabin mako. Amma yanzu duk inda na tambaya ko akwai wanda aka bari a baya na ji shiru, ba na buga mota. Sauka nake in je in duba.