Rasuwar Mai Tabo, Jitar Yayana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da kantarsu ba ta gama nuna ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan sana'a rasuwar Mai Tabo, jitar gidanmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana jingine a jikin bangon falo, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ne a kafaɗar yayana, mai walda. Ba kyakkyawa ba ce, kada a yi wa mamaci ƙarya. Tartsatsin wuta ya taɓa ƙona ta a gefen ciki, nan ta samo sunanta. Kunnenta ɗaya, cikin waɗanda ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, na aro ne, tsirkiyoyinta kuma na roba ne masu taushi. Amma tana da ladabi, ba ta taɓa ɗaga murya ta wuce ta mai magana ba. Yaya kan dawo daga aiki ya wanke hannu, ya zauna a matakalar ƙofar ɗakinsa, ya kaɗa wani ɗan kiɗa nasa na kansa: tin-tirin, tin-tirin, dum. Mahaifiyarmu, Inna, tana ji daga ɗaki ta san ɗanta ya dawo, sai ta jawo kwanonta ta ci abinci.

Da Allah ya karɓi ran Yaya, aka ɗora Mai Tabo a saman kabad, ƙura ta zama mayafinta. Inna kuwa tsufa ya fara ɗauke mata tunani, har ta manta an yi rasuwa. Kullum da yamma sai ta ture kwano ta ce ba za ta ci ba sai yaron nan ya dawo. Mun yi lallashi, mun yi ƙarya, likita ya yi nasa. Inna ta rame har awarwaronta yana zamewa daga hannu.

Shi ya sa ni, tela mai furfura a gemu, wanda ko tafi ba ya iya yi daidai, na sauko da marigayiyar na fara koyo. Jama'a, na sha wuya, ita ma ta sha. Yatsun da allura ta gagara sa wa kuka, tsirkiya ta sa su. Matata ta ce kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti, 'yata ta koma rufe kai da filo. Amma Mai Tabo ba ta taɓa tona mini asiri ba. In na danna inda ba nan ba, sai ta yi ɗan gurnani, zzz, ta haƙura ta jira ni. Ranar da tin-tirin ya fito, ko da yana ɗingishi, na ji Inna ta bayan bango tana ce wa matata, "To, miƙo abincin." A kan matakalar nan na zauna na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da jin Inna ya ragu. Wata rana ta ji kiɗan, wata rana ba ta ji ba. Maƙwabcinmu mai gyaran fanka, wanda muke kira Injiniya, mutumin da bai taɓa cewa bai sani ba tun da aka haife shi, ya ce, "Malam, roba ai ta yara ce. Sa mata ƙarfe, har bakin titi za a ji." Ni kuma ƙara nake nema ido rufe, na sayo na ɗaura. Ashe jitar da aka ƙera don roba ba ta ɗaukar ƙarfe, jan ya fi ƙarfin ƙashinta. Ta yi ƙara kuwa, kamar ba ita ba, Inna ta ci ta ƙoshi. Sai wuyanta ya fara lanƙwasa, cikinta ya kumbura, in ta zauna shiru a riƙa jin ƙyas-ƙyas. Ba ta fasa aiki ba ko rana ɗaya. Ran Talata ina yanka yadi a gida na ji ƙas! Ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin ya ɓalle, ya tafi da rabin cikinta. Mai gyaran kayan kiɗa ya juya ta, ya dube ni, ya ce, "Wa ya yi mata wannan aika-aikar?" Ban ce Allah ya isa ba, amma Injiniya ya sani ban yafe ba tukuna.

Marigayiyar ta bar jakarta mai lalataccen zif, ta bar ni da kiɗa ɗaya tak a hannu, ta bar Inna.

An ce in sayo wata, na sayo. Mai shagon ya sa na rungume ta, ya duba tsawon hannuna, ya zaɓa mini wadda ta dace da ɗan koyo, sabuwa dal, tsirkiyarta na kwance dab da wuya. Jiya da yamma na zauna a matakala na kaɗa, karon farko ba tuntuɓe ko ɗaya. Inna ta saurara har na gama, sannan ta ce wa matata, "Wane baƙo ne wannan? A ba shi haƙuri, mai jitar bai dawo ba." Kwanon ya koma kicin a rufe.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar. Za a naɗe ta a tsohuwar rigar aikin Yaya, a mayar da ita saman kabad. Ana karɓar gaisuwa a shagona, ban da gida, kuma duk wanda ya shiga gaida Inna kada ya yi mata ta'aziyya. Injiniya yana iya zuwa, amma ya bar shawararsa a waje. Wanda kuma ya san inda wata tsohuwar jita take, mai tsirkiyar roba da dusasshiyar murya, ko da ƙonanniya ce, don Allah ya kawo mini ita kafin yamma. Inna ba ta ci komai ba tun ranar Talata.